Mu ɗumka wa Tedi riga da wando

Yara, kun san ƴar tsana. Wasu da kara ake yin su, wasu da yumɓu, wasu da ƙashi, wasu kuma da tsumma. Akwai kuma wani ɗan tsana baƙo da kukan gani a kasuwa, wajen masu sai da kayan gwanjo. Jikinsa duk gashi ne mai laushi. Yana da babban kai, da kunnuwa kewayayyu, da ƙaton ciki, da gajerun ƙafafu. Sunansa Tedi. Da Faransanci yara suna ce masa nounours.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake ɗumka masa tufafi. Wanda ba shi da Tedi kada ya damu. Hanyar guda ce, ko ga ɗiyar kara, ko ga ƴar tsanar tsumma. Abin da za mu koya shi ne abin da tela yake yi kullum: awo tukuna, sannan lissafi, sannan yanka, sannan ɗumki. In an ɓata ɗumki ana iya warware shi a sake. In an ɓata yanka kuwa, ƙyalle ya tafi ke nan.

1. Daga ina Tedi ya fito?

An yi Tedi da siffar wata dabba da ake kira beyar. Beyar babbar dabba ce mai yawan gashi da ƙarfi ƙwarai. Tana zaune a dazuzzukan Turai da Asiya da Amurka. Babu ita a dajin Afirka yau, shi ya sa ba mu da tatsuniyarta kamar yadda muke da ta kura da ta gizo.

Sunan Tedi daga Amurka ya fito. A watan Nuwamba na shekarar 1902, shugaban ƙasar, Tiyodor Ruzbelt, ya tafi farauta a jihar Misisipi. Bai sami abin harbi ba. Sai mutanen da suka raka shi suka kama wani beyar, suka ɗaure shi a jikin icce, suka ce ya harba. Ya ƙi, domin harbin ɗaurarriyar dabba ba farauta ba ce. Wani mai zane, Clifford Berryman, ya zana labarin a jaridar Washington Post. Mutane suka gani, labari ya bazu.

A birnin Niyok akwai wani mai kantin alewa, Morris Michtom, da matarsa Rose. Suka ɗumka ɗan beyar na ƙyalle, suka ajiye a tagar kantinsu. Suka sa masa sunan Tedi, wato laƙabin da mutane suke kiran shugaban da shi. Masu saye suka yi ta zuwa.

A wannan lokaci kuma, a wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus mai suna Giengen, akwai wata maɗumkiya, Margarete Steiff. An haife ta a 1847. Tun tana jaririya ciwon shan inna ya kama ta. Ƙafafunta suka shanye, hannunta na dama ya raunana. Duk da haka ta koyi ɗumki. Da ta sami keken ɗumki, sai ta juya shi baya ya koma gaba, don ta riƙa murza shi da hannun hagu. A 1880 ta ɗumka wata ƴar giwa ta ƙyalle don a riƙa soke allura a jikinta. Yara suka mai da ƴar giwar abin wasa. Daga nan ta shiga ɗumkin dabbobi na wasa. A 1902 ɗan ɗan'uwanta, Richard, ya zana beyar mai hannuwa da ƙafafu masu motsi. Suka kai shi babbar kasuwar baje koli ta birnin Laifzik a 1903. Kafin shekarar 1907 ta ƙare, masana'antarsu ta yi beyar kusan miliyan ɗaya a cikin shekara guda.

Kun ga, wannan babban aiki da allura da zare da ɗan guntun ƙyalle ya soma. Da rarrafe yaro kan tashi.

2. Kayan aiki

Ga abin da za ku tanada:

– guntayen ƙyalle;
– allura, da zare mai launin ƙyallen;
– almakashi mai kaifi;
– ƴan allurai masu kai, na riƙe ƙyalle;
– igiyar awo ta tela, ko siririyar igiya da ma'aunin da kuke jan layi da shi;
– takarda mai ƙwari, kamar ta buhun siminti;
– alli, ko siririn guntun sabulu;
– ƙaramin gwangwani mai murfi, na ajiye allura.

Ba sai an sayi yadi ba. A ƙarƙashin keken kowane tela akwai guntaye. Ku gaishe shi da ladabi, ku roƙa. Kada ku ɗauka sai ya ba ku. A gida ma akwai tsofaffin tufafin da aka daina sawa. Ku tambayi inna tukuna. Kada wani ya sa almakashi a zanen da ba a ba shi ba.

Wane irin ƙyalle ya fi? Na auduga marar kauri, kamar atamfa. Mai kauri yana da wuyar lanƙwasawa a ƙaramin ɗumki. Mai santsi kuwa yana zamewa a hannu, bakinsa kuma yana saurin zarewa. Ku zaɓi mai ƙananan zane. In furen atamfa ya kai faɗin tafin hannu, ba zai fito a ƴar riga ba.

In ƙyallen sabo ne, ku wanke shi, ku shanya, a goge. Sabon yadin auduga yana tsukewa kaɗan a wankin farko, wani kuma yana zuba. Gara ya tsuke tun ba a yanka ba.

3. Awo

Jikin Tedi ba kamar na mutum ba ne. Kansa ya fi cikinsa girma, cikinsa ya fi ƙirjinsa, wuyansa kuma gajere ne mai kauri. Saboda haka ba a yi masa ɗumki da ƙiyasin ido. Sai an auna.

Ku zagaya igiyar awo a jikinsa. Kada ku ja ta da ƙarfi, don jikinsa yana lotsawa, sai ku sami awon ƙarya. In da siririyar igiya kuke aiki, ku riƙe inda ta haɗu da yatsa, ku miƙe ta a kan ma'auni, ku karanta. Kowane awo ku yi shi sau biyu, ku rubuta a kaye.

Ga misali. Wani Tedi mai tsawon santimetir 30, an auna shi an sami:

– kewayen kai: santimetir 32;
– kewayen wuya: 18;
– kewayen ciki, inda ya fi girma: 30;
– daga kafaɗa zuwa ƙasan ciki: 12;
– kewayen hannu, kusa da kafaɗa: 12;
– kewayen cinya: 14;
– daga cibiya, ta tsakanin ƙafafu, zuwa tsakiyar baya: 18.

Da waɗannan alƙaluma za mu yi lissafi a nan. Naku zai bambanta, don kowane Tedi da girmansa. Ku bi hanyar, amma ku sa alƙaluman da kuka auna da hannunku.

Ku dubi biyu na farko da kyau. Wuya 18, kai 32. In muka yi wuyan riga daidai da wuyansa, kansa ba zai wuce ba. In muka yi shi daidai da kansa, riga za ta zame daga kafaɗa. To, mene ne magani? Sai mu tsaga rigar ta baya, daga wuya har ƙasa, mu sa mata igiyoyin ɗauri. Haka ake yi wa rigar jariri, don shi ma kansa babba ne.

4. Lissafin riga

Za mu yi ƴar shara. Ƙyalle guda ne mai kusurwa huɗu, a naɗe shi biyu a kan kafaɗa. Rabi gaba, rabi baya.

Faɗi. Mu ɗauki kewayen ciki, 30. Mu ƙara 4 don riga ta sake, kada ta matse shi. Mu ƙara 2 kuma, don kalmasar tsagar baya za ta ci su. 30 + 4 + 2 = 36. Wannan na gaba da baya ne duka, sai mu raba biyu: 18. Yanzu saura rabon ɗumki. Allura ba ta bin bakin ƙyalle daidai, sai ta bar santimetir 1 a gefe, in ba haka ba zare ya zare, ɗumki ya ɓalle. Gefe biyu ne, hagu da dama. 18 + 1 + 1 = 20. Faɗin ƙyallenmu santimetir 20 ke nan.

Tsawo. Daga kafaɗa zuwa ƙasan ciki, 12. Mu ƙara 2 na kalmasar ƙasa: 14. Gaba da baya: 14 × 2 = 28.

Ashe ƙyalle mai santimetir 20 a faɗi, 28 a tsawo muke bukata. Wanda ya manta da rabon ɗumki da na sakewa zai yanka 15 maimakon 20. Rigarsa za ta yi kyau a hannu, amma ba za ta shiga jikin Tedi ba.

Wuya. Wuyan riga da'ira ce. Kun koya a darasin lissafi cewa kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau uku da ɗan ɗoriya. Wuyan Tedi 18 ne. 18 ÷ 3 = 6. Muna son rami mai faɗin santimetir 6 bayan an gama. Amma kalmasa tana ƙara buɗe rami. Don haka mu yanka mai faɗin 5 kawai. Ku nemi murfin kwalba ko gindin ƙaramin gwangwani mai wannan faɗi, ku zagaya shi da alƙalami.

Hammata. Kewayen hannu 12. Rabinsa 6. Mu ƙara 1: 7. Daga kafaɗa za mu bar santimetir 7 a buɗe, nan hannu zai fito.

5. Samfur da yanka

Kada ku fara da ƙyalle. Ku zana rigar a takarda tukuna, ku yanke, ku ɗora wa Tedi. Wannan shi ne samfur. In ya yi ƙaranci, takarda kawai aka rasa. Ku gyara, ku sake gwadawa, har ya zauna daidai.

Yanzu ku ɗauki ƙyallenku ku duba shi a haske. Za ku ga zare iri biyu: na tsaye da na kwance, kamar yadda masaƙi yake saƙa su. Ku ja shi ta tsaye, ba ya miƙewa. Ku ja ta kwance, yana miƙewa kaɗan. Ku ja daga kusurwa zuwa kusurwa, zai miƙe sosai. Tsawon samfur ya bi zaren tsaye. In aka ɗora shi a karkace, riga za ta murɗe bayan wanki.

Ku shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, bayansa yana sama. Ku ɗora samfur kusa da gefe, ba a tsakiya ba, don abin da ya rage ya isa wani aiki. Ku riƙe shi da allurai masu kai. Ku zagaya da alli. Kafin ku taɓa almakashi, ku sake auna zanen: 20 da 28 ne? Ku nuna wa malam ko malama. Sannan ku yanka, a hankali, ƙyalle yana kwance a tebur.

Bayan haka ku yanke ramin wuya a tsakiya. Sai ku tsaga rabi guda, daga ramin wuya har ƙasa. Wannan rabin shi ne baya.

6. Ɗumki iri uku

Ku yanki zare kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Dogon zare yana sarƙewa, yana ƙullewa. Ku zura shi a kafar allura, ku ƙulla bakinsa guda.

Na farko, ɗumkin riƙo. Allura ta shiga, ta fita, ta shiga, ta fita, da manyan taku kamar na santimetir 1. Aikinsa riƙe ƙyalle kafin ɗumki na gaskiya. In an gama sai a zare shi. Ku yi shi da zare mai wani launi, don ku gane shi.

Na biyu, ɗumkin koma-baya. Allura ta fito gaba, sai ta koma baya ta shiga inda takun farko ya ƙare, ta sake fitowa gaba. Babu fili tsakanin taku da taku. Ta fuska yana kama da ɗumkin keke. Shi ya fi ƙarfi, da shi ake haɗa gefe da gefe. A ƙaramar riga ku yi ƙananan taku, kamar uku a cikin santimetir 1.

Na uku, kalmasa. A lanƙwasa bakin ƙyalle sau ɗaya, a sake lanƙwasawa, ɗanyen baki ya ɓuya a ciki. A danne da farce, sannan a bi da ƙananan taku. Kalmasa ita ce take hana baki zarewa.

Ku gwada ukun nan a wani guntu marar amfani kafin ku taɓa rigar. Sannu ba ta hana zuwa.

7. Haɗa riga

Da farko ku kalmashe abin da yake a shimfiɗe, don ya fi sauƙi tun riga ba ta haɗu ba. Ku yi siririyar kalmasa a gefe biyu na tsagar baya, kowane gefe ya ci santimetir 1.

Sai wuya. Nan ne wuri mai wuyar sha'ani, don bakin da'ira ba ya son kwanciya. Ku ɗan tsattsaga bakin da tsinin almakashi, ƙanana ƙanana, kada ɗaya ta kai rabin santimetir. Sai ku lanƙwasa shi ciki sau ɗaya, ku bi da ƙananan taku.

Yanzu ku naɗe rigar a kafaɗa, fuska tana duban fuska, baya yana waje. Daga kafaɗa ku auna 7, ku sa alama da alli, hagu da dama. Daga alamar zuwa ƙasa ku yi ɗumkin riƙo. Ku sa wa Tedi a haka ku gani. Hannu ya fita? Ciki ya shiga? In ya yi, ku bi da ɗumkin koma-baya, ku zare na riƙo. Ku kalmashe hammata da ƙasan riga.

Saura igiyoyin ɗauri. Ku yanki siraran ƙyalle huɗu, kowane santimetir 10, ku naɗe, ku ɗumke. Biyu a wuya, biyu a tsakiyar baya. Ku juya rigar, fuska ta fito waje. Riga ta ƙare.

8. Wando

Gajeren wando ƙyalle biyu ne daidai da juna, na gaba da na baya.

Faɗi: 30 + 4 = 34. Rabi, 17. Da rabon ɗumki, 17 + 2 = 19.

Tsawo: awon da ya bi ta tsakanin ƙafafu 18 ne. Rabinsa 9, mu ƙara 1 na sakewa: 10. Ƙafar wando, 4. Ƙubaka, wato inda zariya take bi, 3. Kalmasar ƙafa, 1. 10 + 4 + 3 + 1 = 18.

Ku yanki biyu masu 19 da 18. Ku haɗa su fuska da fuska. Daga tsakiyar ƙasa ku tsaga sama santimetir 5, ƙafafu biyu sun fito ke nan. Ku ɗumke gefen hagu da na dama. Ku ɗumke tsagar, ku bar rabin santimetir kawai a gefe. A kan tsagar, inda ƙafafu suka haɗu, ku maimaita taku sau uku ko huɗu, don nan wando yake fara yagewa.

Mu duba ko cinya za ta shiga. Rabin 19 shi ne 9 da rabi. A cire 1 na gefe, a cire rabi na tsaga, saura 8. Gaba da baya, 16. Cinyar Tedi 14 ce. Ta shiga, har da saura.

Ku lanƙwasa sama ku yi ƙubaka, ku bar ƴar kafa a gaba. Ku zura zariya mai santimetir 50. Ku kama tsakiyarta da taku biyu ta baya, don kada ta zare ta ɓace.

Ƙananan ƴan aji da hannunsu bai faɗa ba tukuna suna iya farawa da zane. Tsawonsa kewayen ciki ɗaya da rabi: 30 + 15 = 45. Faɗinsa 10. Kalmasa ce kawai a gefe huɗu.

9. Hattara

Allura ƙarama ce, amma ɓarnarta babba ce. Kada ku sa ta a baki. Kada ku soke ta a rigarku ko a tabarma. Ku ƙirga alluranku kafin aiki, ku ƙirga bayan aiki. In ɗaya ta ɓace, kowa ya tsaya a nema, don ƙannenku suna rarrafe a ƙasa, ku kuma kuna tafiya ba takalmi. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya gaya wa malam. In ta karye a cikin jiki, sai a tafi likita.

Almakashi kuma, in za ku miƙa wa wani, ku rufe shi, ku riƙe tsinin, ku ba shi mariƙin.

Abu na ƙarshe ya fi duka muhimmanci. Yaron da bai kai shekara 3 ba, duk abin da ya samu baki yake kai shi. In ƙaninku ko ƙanwarku za su yi wasa da Tedi, kada ku sa wa tufafinsa maɓalli, ko dutsen ado, ko wuri. Suna iya cirewa su maƙale a maƙogwaro. Kada ku bar doguwar igiya kuma. Ku cire zariya, ku ɗumke wandon a jikin Tedi. Ku ja idanunsa da hancinsa ku gani ko suna motsi. In suna motsi, a cire su, a yi wasu da baƙin zare. Tedin da aka sayo a gwanjo, a wanke shi da sabulu, ya bushe sarai a rana kafin a ba yaro.

Wanda ya iya wannan ƴar riga ya iya faci, ya iya kalmasa, ya iya gyaran ƙubakar wandonsa. In an ba shi awon ƙaninsa, lissafin bai sake ba, alƙaluma ne kawai suka ƙara girma.

Tambayoyi

1. Daga wane mutum Tedi ya sami sunansa? A wace shekara abin ya faru?
2. Don me Margarete Steiff ta juya kekenta na ɗumki?
3. Don me ake tsaga rigar Tedi ta baya?
4. Mene ne rabon ɗumki? Me zai faru in an manta da shi?
5. Don me ake wanke sabon yadi kafin a yanka?
6. Waɗanne abubuwa ne ba a sa wa tufafin Tedi in jariri zai yi wasa da shi?

Lissafi

Wata ƴar tsana, kewayen cikinta santimetir 22 ne, daga kafaɗa zuwa ƙasan ciki kuma 9. Ku nemo faɗi da tsawon ƙyallen rigarta.

Aiki

Ku auna ƴar tsanarku, ku rubuta awon a kaye. Ku zana samfurin riga a takarda, ku kawo aji ranar aikin hannu. Ku je wurin telan unguwarku, ku tambaye shi santimetir nawa yake bari na rabon ɗumki a rigar babban mutum.